Paul Langevin (1872–1946): Masanin da Ya Buɗe Hanyar Sauraren Ƙarƙashin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Warra ko Yawuri ya san cewa ido ba ya nisa a cikin ruwan Kwara. Da an wuce kamu ɗaya ko biyu, sai duhu. Saboda haka ne matuƙa jirage da masunta suke dogara ga gora wajen auna zurfi, da kuma sanin hanya irin wanda ɗa yake gada daga mahaifinsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya shanye garuruwa da tsibirai da gonaki masu yawa, har da tsohon garin Busa da duwatsun da Mungo Park ya halaka a cikinsu a shekarar 1806. Abin da ruwan ya rufe yana nan a ƙasa, amma ba mai ganinsa.

To, amma inda ido ya gaza, kunne bai gaza ba. Masunta sun san cewa kurungu kifi ne mai ƙara, yana yinta ta hanyar goga ƙayar da ke gefen jikinsa. Yaran bakin ruwa kuma sun san cewa idan mutum ya yi nutso, yakan ji injin jirgi tun yana nesa. Dalili kuwa shi ne, ruwa ya fi iska iya ɗaukar sauti. A cikin iska sauti yana cin kimanin mita 340 a sakan guda, a cikin ruwa kuwa yana cin kimanin mita 1,500, watau fiye da ninki huɗu ke nan.

Wannan maƙala tana kawo tarihin wani masani Bafaranshe, Paul Langevin, wanda yana cikin mutanen farko da suka mayar da wannan hali na ruwa ya zama na'ura mai aiki. Tarihinsa ya ƙunshi ilmi da yaƙi da abin kunya da ɗauri, kuma yana ɗauke da wata tambaya wadda har yanzu ba a gama amsa ta ba: shin ilmi na wane ne, kuma wa ya kamata ya amfana da shi?

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Paul Langevin ran 23 ga watan Janairu, 1872, a unguwar Montmartre ta birnin Faris. Gidansu ba na sarauta ba ne, ba kuma na dukiya ba. Mahaifinsa ma'aikaci ne mai auna aikin gine-gine. Shekara guda kafin haihuwarsa, Faransa ta sha kashi a hannun Jamus, sa'an nan sojojin gwamnati suka murƙushe tawayen ma'aikatan Faris, aka kashe dubban mutane. A cikin labarin wannan ta'asa yaron ya tashi, kuma ana iya ganin tasirinta a cikin ra'ayoyin da ya riƙa har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1888 ya shiga makarantar koyon fiziks da kimiyyar haɗa magunguna ta hukumar birnin Faris, wadda aka kafa a 1882. A nan ne ya haɗu da malamin da ya fi kowa tasiri a kansa, watau Pierre Curie. Wannan malami, tare da wansa Jacques, sun gano wani abin mamaki a shekarar 1880 game da wani farin dutse mai sheƙi kamar gilashi, wanda ake kira kwaz. Sun lura cewa idan aka matse shi, sai ya fitar da ɗan ƙarfin lantarki. A shekara ta gaba kuma suka tabbatar da cewa idan aka sa masa lantarki, sai ya ɗan miƙe ko ya ɗan tsuke. A lokacin ba a samar wa abin wani amfani ba sai a ɗakin gwaji. Amma ɗalibin bai manta da shi ba.

Daga nan ya wuce babbar makarantar horar da malamai ta Faris, ya gama a 1897. A wannan shekara hukumar birnin ta ba shi tallafin karatu ya tafi Kambirij ta ƙasar Ingila, inda ya yi aiki a ƙarƙashin J. J. Thomson, a daidai lokacin da wannan malami ya gano ƙwayar lantarki da ake kira ilaktaron. A can ya san Ernest Rutherford, suka ƙulla abota mai ɗorewa. Ya komo gida ya sami digirin dakta a Jami'ar Sorbonne a 1902.

Malami Kuma Mai Bincike

Cikin shekaru goma da suka biyo baya, sunan Langevin ya fita a duniyar masana. A 1905 ya fito da bayani a kan dalilin da ya sa mayen ƙarfe yake ɗan jan wasu abubuwa, yake kuma ɗan ture wasu, da yadda zafi yake rage ƙarfin jan. A wannan shekara ya gaji kujerar Pierre Curie a tsohuwar makarantarsa. A 1908 ya tsara wani lissafi mai bayyana yadda 'yan ƙananan ƙwayoyi suke kai da kawowa a cikin ruwa ba tare da tsari ba, lissafin da har yau yake ɗauke da sunansa. A 1909 ya zama cikakken farfesa a Collège de France, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilmi na ƙasar.

Har ila yau, shi ne ya fi kowa ƙoƙarin fahimtar da Faransawa sabon ra'ayin Albert Einstein game da lokaci da sarari, a sa'ad da manyan malamai da yawa suke yi wa abin kallon shirme. A wani taro da aka yi a Bolonya ta Italiya a 1911, ya kawo misalin matafiyin da ya fita duniya da gudu kusa da na haske, ya komo ya tarar waɗanda ya bari sun tsufa sun shuɗe, shi kuwa bai ƙara shekaru da yawa ba. Wannan misali shi ne aka sani daga baya da sunan matsalar tagwaye.

Sha'awarsa ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Tun a 1898 ya sa hannu a takardar da masana suka rubuta don neman adalci ga Alfred Dreyfus, wani hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa ƙazafin cin amanar ƙasa.

Jarrabawar Shekarar 1911

Tarihi ba ya cika idan aka ɓoye aibi. Langevin ya auri Jeanne Desfosses a 1898, suka haifi 'ya'ya huɗu, amma gidan bai sami zaman lafiya ba. Bayan rasuwar Pierre Curie, wanda keken doki ya take a kan titi a 1906, shaƙuwa ta shiga tsakanin Langevin da matar marigayin, Marie Curie, har ta wuce iyaka. Wasiƙunsu suka faɗa hannun dangin matarsa, kuma a watan Nuwamba na 1911 jaridu suka fallasa al'amarin, a daidai lokacin da aka ba Marie lambar Nobel karo na biyu.

Jaridun masu ƙin baƙi suka yi mata ca, domin asalinta 'yar ƙasar Folan ce, har mutane suka taru a ƙofar gidanta suna zagi. Langevin ya ƙalubalanci wani ɗan jarida, Gustave Téry, su fito fili da bindiga kamar yadda al'adar wancan zamani ta tanada. Suka fito, amma ba wanda ya harba. Abin lura a nan shi ne, laifin na mutum biyu ne, amma macen ce ta ɗauki mafi yawan nauyinsa, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa ba tare da wani babban cikas ba. Daga nan suka koma abokan aiki kawai. Shekaru da yawa bayan haka, jikansa Michel ya auri jikanyarta Hélène.

Matsalar da ke Ƙarƙashin Teku

Ba Langevin ne ya fara tunanin sauti a cikin ruwa ba. A 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, sun buga ƙararrawa a ƙarƙashin Tafkin Janeba, suka saurare ta daga nesa da wani dogon ƙaho, suka auna gudun sautin ya kai mita 1,435 a sakan. Amma abubuwa biyu ne suka mayar da maganar ta zama ta rai da mutuwa.

Na farko shi ne nutsewar jirgin Titanic a watan Afrilu na 1912, bayan ya yi karo da tsaunin ƙanƙara cikin dare, inda kimanin mutum 1,500 suka halaka. Nan da nan masana suka shiga neman hanyar gane abin da ke gaban jirgi a cikin duhu. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Richardson, ya ba da shawarar a yi amfani da amsa-kuwwa. A 1914 kuma Reginald Fessenden, ɗan ƙasar Kanada, ya yi nasarar jiyo amsa-kuwwa daga wani tsaunin ƙanƙara mai nisan kimanin kilomita 3. Sai dai na'urarsa mai kaurin murya ce, sautinta yana bazuwa ko'ina, saboda haka ba ta iya nuna ɓangaren da abin yake.

Na biyu shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jamusawa suka fito da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, waɗanda suke harbin jiragen kaya da na fasinja ba tare da an gan su ba. A watan Mayu na 1915 suka nutsar da jirgin Lusitania da mutane kusan 1,200. A cikin watan Afrilu na 1917 kaɗai, nauyin jiragen da suka nutsar ya wuce tan 800,000, har yunwa ta fara yi wa Ingila barazana.

Akwai hanyoyi biyu na neman irin wannan abokin gaba. Ta farko ita ce a sa makirfo a ruwa a yi shiru, a saurari ƙarar injinsa. Wannan hanya tana da sauƙi, amma idan ya kashe inji ya lafe, shi ke nan an rasa shi, kuma ko an ji shi ba a sanin nisansa. Ta biyu ita ce a aika sauti, a jira ya bugi abin ya dawo, kamar yadda jemage yake yi a cikin duhu. Wannan ta biyu ita ce Langevin ya tunkara.

Dutsen Kwaz

A farkon 1915 wani injiniya ɗan ƙasar Rasha, Constantin Chilowsky, ya miƙa wa hukumomin Faransa shawarar a yi amfani da sauti mai tsananin siranta, irin wanda kunnen mutum ba ya ji. Paul Painlevé, masanin lissafi kuma ɗan siyasa, ya tura takardar ga Langevin. Hikimar shawarar a fili take. Kunnen mutum yana jin sautin da kaɗawarsa ba ta wuce kimanin sau 20,000 a sakan ba. Sauti mai kauri, kamar na tambari, yana watsuwa gabas da yamma, kudu da arewa. Amma wanda ya fi ƙarfin kunne siranta ana iya tattara shi a nufi wuri guda da shi, kamar hasken tocila. Idan aka yi haka, amsar da ta dawo za ta nuna nisa, ta kuma nuna ɓangare.

Suka fara gwaji a kogin Sen na cikin Faris, sa'an nan a 1916 aka mayar da aikin tashar sojan ruwa ta Tulon, a bakin Bahar Rum. Na'urorin farko ba su da ƙarfi, kuma ba su jimre wa ruwan teku. Saɓani ya shiga tsakanin mutanen biyu, Chilowsky ya koma wani aiki, Langevin ya ci gaba shi da mataimakansa.

A farkon 1917 ne ya komo kan abin da malaminsa ya gano shekara 37 da suka wuce. Ya yi tunani cewa tun da kwaz yana fitar da lantarki idan an matse shi, to, sautin da ke tafiya cikin ruwa, wanda shi ma matsi ne mai zuwa yana komawa, zai sa shi ya fitar da lantarki. Ke nan dutsen zai iya zama kunne. Lantarkin ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma a daidai lokacin injiniyoyin rediyo na sojan Faransa sun ƙera kwalaben ƙara ƙarfin sigina, sai ya haɗa su da dutsen. Daga nan ya juya abin: ya sa wa dutsen lantarki mai saurin canzawa, dutsen ya riƙa karkarwa yana tura sauti cikin ruwa. Ashe dutse guda zai iya zama baki, ya kuma zama kunne.

Saura matsala ɗaya. Manyan duwatsun kwaz masu tsabta suna da wuyar samu, ga tsada. Sai ya yanka ƙanana sirara, ya jera su, ya manne su a tsakanin faifan ƙarfe biyu masu kauri, gaba ɗayansu suka riƙa kaɗawa kamar abu guda, kimanin sau 40,000 a sakan. Ƙarfin na'urorin da ya gwada a Tulon ya kai matsayin da wani masani Ba'amurke, Robert Wood, wanda ya ziyarci wurin, ya ga ƙananan kifaye suna mutuwa idan suka ratsa ta gaban sautin, kuma wanda ya tsoma hannu yakan ji zafi mai tsanani. A 1918 aka jiyo amsa-kuwwa daga jirgin ƙarƙashin ruwa mai nisan kimanin mita 1,500.

Lissafin da ke cikin aikin ba mai wuya ba ne. Alal misali, idan aka aika sauti zuwa ƙasa daga jirgi a tsakiyar Tafkin Kainji, ya dawo bayan kashi ɗaya cikin hamsin na sakan, to, ya yi tafiyar mita 30 ke nan, zuwa da dawowa. Rabin wannan, watau mita 15, shi ne zurfin wurin. Idan kuwa wata amsa mai rauni ta riga ta ƙasan dawowa, to, akwai wani abu a tsakani, ko garken kifi ko kututturen itace.

Langevin bai ɓoye sakamakonsa ga ƙawayen Faransa ba. Masanan Ingila, a ƙarƙashin Robert Boyle ɗan Kanada, sun ɗora a kan dabarar kwaz suka ƙera tasu na'urar. Amma yaƙin ya ƙare ran 11 ga Nuwamba, 1918, kafin a kai ko ɗaya daga cikinsu fagen fama.

Tsakanin Yaƙi Biyu

Bayan yaƙi, Langevin ya juya ƙirƙirarsa zuwa aikin zaman lafiya. Tare da wani injiniya, Charles Florisson, ya fito da na'urar auna zurfin teku wadda aka riƙa sa wa jiragen kasuwanci a shekarun 1920. Kafin irin waɗannan na'urori, sai an zura igiya mai dalma a baki har ta taɓa ƙasa, aikin da yakan ci sa'o'i a wuri mai zurfi. Yanzu kuwa jirgi yana tafiya yana aunawa.

A wannan zamani ya zama uba ga masana da yawa. A 1922 ya gayyaci Einstein zuwa Faris, alhali ƙiyayyar Jamusawa ba ta huce a zukatan mutane ba, domin a ganinsa bai kamata gabar gwamnatoci ta raba masu ilmi ba. A 1924 ya goyi bayan kundin digirin Louis de Broglie, wanda wasu suke shakka a kansa, ya aika wa Einstein ya duba. Bayan shekara biyar wannan aiki ya jawo wa mai shi lambar Nobel. Ya shugabanci makarantar da ta rene shi, ya kuma shugabanci babban taron masana fiziks na Solvay a 1930 da 1933. A 1931 ya je ƙasar Sin cikin tawagar da Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta aika don duba harkar makarantu.

Da ya ga guguwar mulkin fir'aunanci tana tasowa a Turai, sai ya haɗu da wasu masana biyu, Paul Rivet da Alain, suka jagoranci wani kwamiti na masu ilmi don yaƙar wannan aƙida a 1934. Wannan mataki ya sa sunansa ya shiga littafin maƙiya.

Zamanin Mamaya

Sojojin Hitila sun shiga Faris a watan Yuni na 1940. Ran 30 ga Oktoba suka kama Langevin, yana da shekara 68, suka kulle shi a kurkukun Santé. Kama shi ya harzuƙa ɗalibai da malamai, yana kuma cikin dalilan zanga-zangar da ɗalibai suka yi ran 11 ga Nuwamba, wadda tana cikin turjiya ta farko da aka nuna wa 'yan mamaya a fili. Bayan 'yan makonni aka fitar da shi, aka yi masa ɗaurin talala a garin Troyes, aka kuma raba shi da muƙamansa.

Abin da ya fi ɗaurin ciwo yana tafe. Surukinsa Jacques Solomon, matashin masanin fiziks, yana cikin masu gwagwarmayar ɓoye. Aka kama shi, Jamusawa suka harbe shi ran 23 ga Mayu, 1942. Matarsa Hélène, 'yar Langevin, aka tura ta sansanin Auschwitz a watan Janairu na 1943. A watan Mayu na 1944 'yan gwagwarmaya suka sulale da tsohon, suka tsallakar da shi zuwa Siwizalan. Bayan 'yantar da Faris ya komo, ya shiga Jam'iyyar Kwaminis, wadda surukinsa ya mutu yana cikinta. Hélène ta tsira, ta dawo gida a 1945.

Sauran ƙarfinsa ya ba da shi ga sha'anin makaranta. Gwamnati ta naɗa shi shugaban kwamitin sake tsarin ilmi na ƙasa. Shirin da kwamitin ya fitar ya nemi a ba kowane yaro ilmi kyauta kuma tilas har ya kai shekara 18, ba tare da duban arzikin iyayensa ba. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu ran 19 ga Disamba, 1946. Henri Wallon ya ƙarasa shi, aka miƙa a 1947. Ba a zartar da shirin gaba ɗaya ba, amma an daɗe ana komawa gare shi a duk muhawarar ilmi a Faransa. A 1948 aka mayar da gawarsa Panthéon, inda Faransa take binne manyan mutanenta.

Abin da Ya Biyo Baya

Na'urar da ba ta riski yaƙi na ɗaya ba ta yi babban aiki a na biyu, a yaƙin Tekun Atalantika, kuma a lokacin ne Amurkawa suka raɗa mata sunan sona. Daga nan fannin ya yi rassa. A 1944 Maurice Ewing da Lamar Worzel suka tabbatar da cewa akwai wani sashe a cikin teku, a zurfin kimanin mita 1,000, inda sauti yake maƙalewa ya yi tafiyar dubban kilomitoci bai ɓace ba. Wani masani na Tarayyar Sobiyat, Leonid Brekhovskikh, shi ma ya gano haka a 1946. A shekarun 1950 sojan ruwan Amurka suka shimfiɗa makirfo a ƙarƙashin teku don sauraren jiragen Sobiyat. Masu sauraron kuwa suka riƙa jin wasu muryoyi da ba na inji ba, waɗanda aka gane na manyan dabbobin teku ne da ake kira wel. Faifan muryoyinsu da Roger Payne ya fitar a 1970 ya taimaka ƙwarai wajen tayar da hankalin duniya a kan kisan da ake yi musu.

A yau hukumar da ke lura da yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1996 tana da tashoshi 11 na sauraren tekunan duniya. Ana nazarin kowace ƙara, a duba tsawonta da kaurinta da lokacin da ta isa kowace tasha, ta haka ake bambance girgizar ƙasa da aman dutse da fashewar bom. A watan Nuwamba na 2017, sa'ad da jirgin ƙarƙashin ruwa na Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44, tashoshin tsibirin Ascension da na Crozet ne suka jiyo ƙarar da ta nuna yankin da ya halaka, daga nisan dubban kilomitoci. An gano gawar jirgin bayan shekara guda.

Wani reshe ya shiga asibiti. A 1958 likita Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo suka nuna yadda za a duba cikin jikin mutum da irin wannan sauti. Hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu a yau daga nan ya samo asali. An maye gurbin kwaz da wasu abubuwa da ake haɗawa a masana'anta, amma ƙa'idar ita ce dai wadda aka gwada a Tulon. Illar da aka gani a can ma ba ta gushe ba, domin bincike ya danganta sona mai ƙarfi ta sojan ruwa da mutuwar wasu dabbobin teku, kamar yadda ya faru a tsibiran Bahamas a shekarar 2000.

Kammalawa

Idan aka dubi rayuwar Paul Langevin za a ga mutum mai ƙin yaƙi wanda babbar ƙirƙirarsa ta fito daga yaƙi, kuma mai neman adalci a fili wanda gidansa bai tsira daga aibi ba. Za a kuma ga ɗan ma'aikaci wanda makarantar hukuma da tallafin karatu suka ɗaga, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa yana neman a buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da aka buɗe masa.

A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 daga Jihar Neja ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne daga cikinsu suka tsira. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima, kuma babu na'urar da za ta yi maganin wannan. Amma kwanakin da masu nutso suka yi suna lalube a cikin duhun ruwa sun nuna irin tazarar da ke tsakanin abin da ilmi ya cim ma da abin da ya iso ga mutanen bakin tafki. Na'urar da ta gagari manyan ƙasashe a 1917, yau ƙaramarta ba ta fi girman akwatin rediyo ba, masu kamun kifi a ƙasashe da yawa suna ɗaura ta a kwalekwale. Da ita ana iya zana taswirar ƙasan Tafkin Kainji, a sa alama a wuraren kututture da duwatsu, a kuma ƙiyasta yawan kifin da ya rage. Akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa a Sabuwar Busa, akwai jami'o'i, akwai kuma Sarkawa da Gungawa da suka san ruwan tun kaka da kakanni. Abin da ake bukata shi ne a haɗa sanin waɗannan da na waɗancan, a kuma bayyana shi da harshen da matuƙin jirgi yake ji. Wannan aiki na ƙarshe kuwa ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye.